Ciwon Nono Bayan Yaye: A Jira Ne, Ko A Tafi Asibiti?

A wannan wata mun ɗauko wata magana wadda da wuya a sami gidan da ba ta taɓa shiga ba a unguwanninmu na zango, tun daga Nima da Sabon Zango a Ankara, har Aboabo da Asawase a Kumasi, amma kuma ba a cika yin ta da ƙarfi ba. Mace ta yaye ɗanta, an yi mako biyu, ko wata uku, wani lokaci ma har shekara ta zagayo, sai ta riƙa jin nono yana yi mata ciwo. Wata ta ce suka yake yi kamar allura, wata ta ce nauyi ne da tsami, wata kuma ta ce zugi ne da ke tashi cikin dare ya bi har hammata. Ba ta faɗi ba, ba ta bugu ba, yaro kuma ya daina sha. To daga ina?

Amsar da aka saba ba ta a tsakar gida guda ce: "Ai ragowar nono ne ya kwanta, zai baje." Sau da yawa wannan amsa gaskiya ce, kuma iyayenmu mata da suke faɗinta sun goyi 'ya'ya da jikoki, sun san abin da suke faɗi. Amma fa wannan amsa tana da wa'adi. Akwai kwanakin da ya dace a yarda da ita, akwai kuma ranar da ya kamata a ajiye ta a ɗauki mayafi a nufi asibiti. Sanin wannan rana shi ne maƙasudin rubutunmu, kuma abin da za mu kawo shi ne abin da likitoci da ungozomomin asibiti suke koyarwa, cikin harshen da kowa zai gane.

Abin da ke faruwa cikin nono bayan yaye

Nonon mai shayarwa cike yake da 'yan ƙananan jakunkuna masu tarin yawa waɗanda ke haɗa ruwan nono, da kuma siraran hanyoyi da ke kai shi zuwa kan nono. Ƙa'idar aikinsu ita ce, gwargwadon abin da aka fitar, gwargwadon abin da za a sake haɗawa. In yaro ya tsotsa, jiki ya sami labari cewa ana bukata, sai ya ƙara. In kuwa nono ya zauna ba a fitar ba, sai jiki ya fara rage aiki. Sai dai ragewar ba ta zuwa dare ɗaya. Kamar mai koko ce da ke sayarwa a ƙofar makaranta, aka ba da hutu ba a sanar da ita ba: gobe da asuba za ta dama kamar kullum, sai ta kwana biyu tana komowa da roba cike kafin ta rage awo.

Saboda haka a kwanakin farko na yaye nonon yakan cika, ya yi tauri, ya yi ɗumi, har mace ta kasa kwanciya rub da ciki. Galibi duka biyun ne ke yin haka, kuma abin yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Daga nan sai waɗannan jakunkuna su fara motsewa sannu a hankali, aikin da kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A wannan tsakani mace na iya jin 'yar suka jifa-jifa, kuma in ta matsa kan nono tana iya ganin ɗigon farin ruwa ko da bayan wata shida ko shekara. Wannan shi kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne. Abin lura dai shi ne, yawan matsawa don a duba ko ya ƙafe shi ne ke hana shi ƙafewa, domin jiki yana ɗaukar matsawar a matsayin tsotso.

Akwai kuma lokacin da nono kan taru a wata hanya da ta toshe, ya zama ƙullutu mai santsi wanda ke gocewa in an taɓa. Wannan ba mugun abu ba ne, wani ma yakan baje da kansa, wani kuma likita ya zuƙe shi da allura. Amma yatsa ba ya iya rantsewa cewa shi ne. Wannan magana za mu komo gare ta.

Yayen rana ɗaya

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana ba da shawarar nono zalla na wata 6, sannan a ci gaba da shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Watau dai a kan tsawon lokaci babu saɓani. Inda wahala take shi ne yadda muke yanke shayarwar.

Al'adar da muka gada ita ce a tsayar da rana. In ranar ta zo, a ɗauki yaro a kai shi gidan kakarsa, ko a shafa wani abu mai ɗaci a kan nono don ya ƙi. Yaron da jiya ya sha sau biyar ko shida, yau ko sau ɗaya. Kowa hankalinsa yana kan kukan yaro, ba mai tambayar uwar da aka bari da nono kamar dutse. Haka nan ma 'yan kasuwarmu mata da kan bar yaro a gida su tafi sarin kaya Techiman ko Lome su kwana biyu, su ma sukan dawo da irin wannan cikar. Yawancin ciwon da ake ji a makon farko na yaye daga nan yake.

Ma'aikatan lafiya sun fi son a yi yaye da sannu. A janye shan rana guda ɗaya, a maye gurbinsa da koko ko wani abinci, a bar jiki ya saba kwana uku zuwa mako, sannan a janye na biyu, har a zo kan shan dare, wanda galibi shi ne na ƙarshe. Wadda kuma tilas ta sa ta yanke lokaci ɗaya, to in nono ya cika ta tatsa kaɗan, iyakar abin da zai rage mata nauyi, kada ta tatse duka. Ta ɗora tsumma mai sanyi, ta sa rigar nono wadda ta riƙe ta daidai, ta sha farasitamol ko ibufurofen in ba ta da gyambon ciki ko wata lalurar da ta hana. Ɗaure ƙirji tamau da zane ba ya sa nono ya ƙafe da wuri, sai ma ya toshe hanyoyi. Ƙin shan ruwa ma ba ya taimakon komai.

A nan akwai wani abu da ya sake. A da, har a asibitoci, akan ce a gasa nono da ruwan zafi a mulmula shi da ƙarfi don a fasa ƙullutu. A shekarar 2022 ƙungiyar likitoci masana shayarwa ta duniya ta sake tsarin shawararta, ta nuna cewa murza mai ƙarfi tana ƙara kumburi da rauni a ciki, kuma sanyi ya fi zafi amfani. Don haka iyayenmu masu gashi da tawul, a sassauta hannu. Maganin tsayar da nono kuwa da wasu ke saya a shagon magani, kada a sha shi sai likita ne ya rubuta, musamman ga mai hawan jini.

Ciwon da babu ruwansa da shayarwa

Ba duk ciwon da ya zo bayan yaye ne yaye ya kawo shi ba. Na farko da ya kamata mace ta tambayi kanta shi ne al'ada. Mata da yawa jininsu na wata yakan ɗauke lokacin shayarwa, in ya dawo kuma sai ya dawo da ciwon nono na kwanakin da ke gabansa. Alamarsa ita ce yana kama duka biyun, ya fi tsanani kafin jini ya zo, ya lafa in ya zo. Wadda ta riƙa sa alama a kalanda wata biyu za ta ga yana bin tsari.

Na biyu shi ne sabon ciki. Ciwon nono yana cikin alamun farko na juna biyu, kuma mace na iya ɗaukar ciki tun kafin ta ga jinin farko bayan haihuwa. Awon fitsari yana warware wannan cikin minti kaɗan. Na uku, allura ko ƙwayoyi ko ashanar hannu ta tazarar haihuwa, waɗanda kan sa nono tsami a watannin farko.

Na huɗu kuma, wani lokaci nonon lafiyarsa lau, naman ƙirji da haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa ne suka gaji. Macen da ke wuni da goyo, ta ɗora tiren waake a ka, ta ɗebo ruwa, da yamma ta daka sakwara, ba abin mamaki ba ne ƙirjinta ya yi tsami. Irin wannan yakan ƙaru in ta ɗaga hannu ko ta juya, kuma in ta danna ƙashin sai ta ji nan ne. Amma in ciwon ƙirji ya zo da haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya sai an tara matashin kai, musamman a watannin farko bayan haihuwa, to wannan zancen zuciya ne, a tafi asibiti nan take.

Ciwon da ba a kwana da shi

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In nono ya taru ya kumbura, ko kan nono ya tsage saboda cizon yaro mai haƙora, sai ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatar mutum su sami hanya. Abin da ke biyo baya likitoci suna kiransa mastaitis, kuma an ƙiyasta yana samun kamar mace 1 cikin 10 na masu shayarwa. Ya fi yawa a watannin farko na jego, amma yakan zo lokacin yaye.

Alamunsa ba sa ɓuya. Ɓangare ɗaya na nono ɗaya ya yi tauri, ya yi zafi rau, ga zazzaɓi da ya kai digiri 38 ko fiye, ga rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi. A nan ƙasar da yawa sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su sha maganinsa kwana uku a banza. Littattafan likitanci suna cewa wurin yakan yi ja, amma a fatarmu ta baƙar fata jan ba ya fita sosai. Abin da za a gani shi ne wurin ya ƙara duhu, yana sheƙi. Wadda ta ga haka, in kwana ɗaya ya wuce ba sauƙi, ko kuwa tun farko jikin ya yi tsanani, sai asibiti. In likita ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi na kwana 10 zuwa 14 ne, kuma a shanye shi duka ko da an ji sauƙi a kwana na uku. Wadda ba ta gama yaye ba, yawanci akan ce ta ci gaba da ba yaro, domin nonon ba ya cutar da shi, kuma daina ba shi farat ɗaya yana ƙara cikar.

In aka yi sakaci, wurin yakan tara mugunya ya zama ƙurji a ciki. Nan ne wasu kan kira wanzami ya yi sakiya, ko a shafa haɗin ganye da kanwa a jira ya nuna ya fashe. Muna girmama wanzamanmu, amma nono ba dunduniya ba ne. A asibiti, sau da yawa da allura kawai ake zuƙe mugunyar ana kallon wurin a na'ura, in ya girma ne a ɗan tsaga bayan an kashe zafin wurin. Ƙurjin da aka bari ya fashe da kansa yakan bar rami da tabo, wani ma ya lalata hanyoyin da ɗan gaba zai sha.

Maganar da kowa ke gudun faɗa

Mu fito fili. Abin da ke hana mace barci in nono na ciwo shi ne tunanin ciwon daji, watau sankara. To ga labari mai daɗi da farko: ciwo shi kaɗai, ba ƙullutu, ba wata alama, da wuya ƙwarai ya zama sankara. Mafi yawan matan da ke zuwa asibiti da ciwon nono ana sallamarsu da kwanciyar hankali.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda shi ne ya fi muhimmanci a duk wannan rubutu. Sankarar nono a farkonta galibi ba ta ciwo. Ƙullutu ne mai tauri da ke zaune shiru, mace ta ci karo da shi wajen wanka, ta ce tunda ba ya ciwo ba komai, kuma tunda ba ta daɗe da yaye ba ai nono ne ya daskare. Watau abin da ke ciwo yana tsorata mu, abin da ya kamata ya tsorata mu kuma muna ba shi uzuri. Akwai ma wata irin sankara, ko da yake ba ta da yawa, wadda ke zuwa da kamannin mastaitis sak: nono ya kumbura, ya yi ɗumi, fata ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemu. Abin da ke tona ta shi ne maganin ƙwayoyin cuta ba ya taɓa ta. Shi ya sa in an sha magani mako ɗaya zuwa biyu nono bai koma daidai ba, wajibi ne a koma, kada a sake sayen wani maganin a shago.

Wasu kan ce ai mai shayarwa ba ta kamuwa. Gaskiya ne shayarwa kariya ce: wani babban nazari da aka wallafa a 2002, wanda ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, ya nuna kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarin da kamar kashi 4 cikin 100. Amma ragewa daban, kawarwa daban. Wani nazarin na 2019, a kan mata kusan 890,000, ya nuna cewa a shekarun da ke bin haihuwa haɗarin yakan ɗan ɗaga, ya kai ƙololuwa wajen shekara 5 bayan haihuwa, kafin daga baya ya sauka. Ɗagawar ba ta da yawa ga mace mai ƙananan shekaru, amma ta isa ta nuna cewa goyo a baya ba shaidar lafiya ba ne.

Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2020 ta nuna mata sama da 4,000 ne suka kamu da sankarar nono a Gana a wannan shekara, sama da 2,000 kuma suka rasu. Ita ce sankarar da ta fi kama mata a ƙasar nan. Binciken da aka yi a manyan asibitocinmu ya nuna fiye da rabin masu zuwa sai ciwon ya yi nisa suke isowa, kuma da yawansu 'yan shekara arba'in da wani abu ne, wasu ma ba su kai ba. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara 5 bayan gano ciwon, kuma babban dalili shi ne ana gano shi da wuri a yi magani har ƙarshe. Saboda wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri a 2021, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa ita ce duk macen da ta zo da alama a gama bincikenta cikin kwana 60.

Mu da ke riƙe da rajistar aji mun san abin da waɗannan lambobi ke nufi. Yarinya mai ƙoƙari ta fara fashi don tana jinyar uwa, sannan ta zama ita ce mai dafa wa ƙanne, daga nan sai sunanta ya fita daga rajista. Rashin uwa ɗaya yakan iya fitar da yara daga makaranta.

Wa'adin da ya kamata a riƙe

Don a sauƙaƙe, mun kasa maganar gida uku.

A tafi yau, ba sai gobe ba: in akwai zazzaɓi da rawar sanyi tare da nono mai zafi da tauri, in mugunya na fita, in kumburi na ƙaruwa ana gani, ko in ciwon ya zo da haki.

A tafi cikin wannan mako, ko da babu ciwo ko kaɗan: in an ji ƙullutu a nono ko kaluluwa a hammata wadda ta wuce mako biyu ba ta baje ba, in jini ko ruwa garai yana fita da kansa daga nono ɗaya, in kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, in fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu, in akwai gyambo ko ƙaiƙayi mai ɓarewa a kan nono da ya ƙi warkewa, ko in nono ɗaya ya sake girma ko siffa.

Ana iya dakatawa a lura: in ciwon na duka biyun ne, ya fara da yaye, yana raguwa kullum, ba zazzaɓi, ba ƙullutu. Amma in ya haura mako biyu zuwa uku bai tafi ba, ko ya tsaya wuri ɗaya da za a iya nunawa da yatsa, ko yana hana barci, to ya fita daga wannan gida ya koma na biyu. Wadda kuma uwarta, ko 'yar'uwarta, ko gwaggonta ta taɓa yin sankarar nono, kada ta tsaya jira, kuma ta faɗa wa likita wannan tarihin.

Abin da za a tarar a asibiti

Ba sai an fara da babban asibiti ba. Asibitin da ke kusa, kamar na Maamobi ga mutanen Nima, ko na Manhyia ga mutanen zangon Kumasi, ko ma wurin awon jarirai da aka saba zuwa, duk ana iya farawa daga nan, su kuma su tura gaba in da bukata. Za a tambayi ranar da aka yaye, ranar jinin ƙarshe, da irin maganin da ake sha, saboda haka a je da waɗannan a kai. Za a duba nonon biyu da hammata da hannu. In an ji wani abu, mai ƙananan shekaru ko wadda ba ta daɗe da yaye ba akan fara yi mata sikanin, irin na'urar da ake duba ciki da ita, ba zafi ba allura. Wadda ta kai shekara 40 akan ƙara mata da hoton nono da ake kira mamogiram. In har yanzu da shakka, sai a ɗebi ɗan ƙanƙanen nama da allura a kai ɗakin bincike. Wannan ne kaɗai ke tabbatar da sankara ko ya kore ta.

Asibitocin koyarwa na Korle Bu a Ankara, Komfo Anokye a Kumasi, da na Tamale duk suna duba masu matsalar nono, kuma biyun farko suna da na'urar gashin sankara. A Kumasi akwai asibitin Peace and Love na Dakta Beatrice Wiafe Addai, wadda ta kafa ƙungiyar Breast Care International a 2002, ƙungiyar da ta shahara da zagaya garuruwa tana wayar da kan mata da duba su. A watan Oktoba na kowace shekara kuma asibitoci da yawa sukan yi duba kyauta. Amma wadda ta ji ƙullutu a Maris kada ta jira Oktoba.

Kunya, kuɗi, da tsoron wuƙa

Abu uku ne ke tsare matanmu a gida. Na farko kunya. Kunya ado ce, kuma ba mu ce a yar da ita ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace tana da damar ta nemi ma'aikaciya mace ta duba ta, ko a ce nas ta tsaya a ɗakin, ko ta shiga da 'yar'uwarta. In kuma namiji ne kaɗai ke nan, malamanmu sun daɗe da bayyana cewa lalurar magani tana halatta hakan gwargwadon bukata. Muna roƙon limamai da malaman makarantun Islamiyya na mata su riƙa faɗin wannan a wa'azi, domin kalma ɗaya daga bakinsu ta fi shafi goma daga namu.

Na biyu kuɗi. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, ta sa maganin sankarar nono cikin jerin abin da take ɗauka. Ko da wani gwajin ya bukaci a sa hannu a aljihu, kuɗin sikanin ɗaya bai kai na jinyar shekara ba. A sabunta kati tun ana lafiya. Ƙungiyoyin mata na adashi da na biki, waɗanda ke iya haɗa kuɗin ashobi cikin mako guda, za su iya ware wani abu don 'yar'uwar da aka tura hoto.

Na uku tsoro. Ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai in allura ta taɓa shi sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne, da yawa ba sa zuwa sai ya riga ya bazu, in suka rasu kuma sai a ɗora wa allura. Ana cewa duk wadda ta je sai an yanke nono. Alhali wadda ta je da wuri, sau da yawa ƙullutun kaɗai ake cirewa a bar mata nononta. Ana danganta ciwon da sammu, ko kishiya, ko gyatsar yaro a kan nono, ko ajiye kuɗi da waya a rigar nono, kuma babu ɗayansu da bincike ya tabbatar. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana, a yi su a kan hanyar asibiti.

A ƙarshe, magana gare mu magidanta. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izini, ba ta da kuɗin mota sai an ba ta, kuma ba za ta iya faɗin wannan ciwo a gaban suruka ba. In ta ce nono na damunta, kada amsarmu ta zama "sha farasitamol". Mu tambaye ta tun yaushe, mu ƙirga kwanakin tare da ita, in wa'adi ya cika mu ajiye aiki rabin yini mu raka ta. In aka duba aka ce ba komai, ba a yi asara ba, an sayi barci. Masu karatu kuma da suka iya boko, a taimaka a karanta wa iyaye da 'yan'uwa wannan shafi, musamman wurin wa'adin nan gida uku, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya bisa alheri, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.